Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Magusa sakamako ya fito.
Na taɓa waya da yatsa mai maiƙo,
na ga arba'in da bakwai.
Hamsin ake nema.
Maki uku, ko yatsun hannu ɗaya ba su cika ba.

Karo na biyu ke nan a darasin Malam Özkan,
mutumin da ya san nauyin da gada za ta ɗauka
kafin ta tsage.
Ban ga laifinsa ba. Takarda ya duba.
Daren jarrabawar ina bayan gidan abincin Cemal Usta
ina kankare tukunya har asuba ta kawo jiki,
don haya ba ta san ana jarrabawa ba.

Da safe matar da ke bayan gilashi
ta jero mini su kamar mai karanta farashin kaya:
rangwamen rabin kuɗin makaranta ya tashi,
sai cikakke, kuma da Yuro;
in babu rajista, takardar zama ta mutu ranar talatin ga wata,
daga nan kowane kwana da tararsa.
Ta turo mini farantin alewa.
Na ɗauki ɗaya. Har yanzu ban san dalili ba.

Na bi ta gindin tsohuwar ganuwa.
Teku na can yana harkar gabansa.
Kyanwoyi kwance bisa duwatsu,
babu mai tambayarsu fasfo.

Bishal ɗan Nepal ya faɗi bara.
Yanzu bulo yake ɗauka a Girne,
in ya hango motar 'yan sanda sai ya zama bango.
Uwarsa ta ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai.

Sevgül Hanım mai gida ta tare ni a matakala.
Turkancina na sayen burodi ne,
amma fuska ba ta neman tafinta.
Ta zaunar da ni, ta soya cuku,
ta tsinko lemun tsami a bishiyar tsakar gida,
ta nuna mini hoton ɗanta da Landan ta haɗiye shekara tara,
sannan ta ɗaga yatsu biyu:
haya ta jira wata biyu.
Na ci cukun da gishirinsa da nawa.

Saƙon murya uku na Baffa na nan ban buɗe ba.
Tun da ya sayar da filin bakin titi
bai ƙara kirana da sunan yanka ba.
Barira ta ajiye takardar shiga makarantar jinya,
aka ce ta jira in gama.
Inna ta gaya wa duk unguwa baɗi ne.

Zan iya cewa an ƙara mana shekara.
Zan iya cewa malamin ba ya son baƙi.
Ƙarya na da araha a nan, ita kaɗai ba a saya da Yuro.
Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na danna na farko.
Bayan muryarsa ina jin akuya, da rediyo,
da wani yana sallama a zaure.
"Injiniya," in ji shi, "ya sanyi?"
Nan kuwa Yuni ne, kwalta har tana narkewa.

Na share yatsana a wando.
Na danne maɓallin, na daɗe ban ce komai ba,
wayar na ƙirga shiruna.
Sannan na ce, "Baffa,
Nafi'u ne."