Wuƙar Jatau

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Tudun Wada.
Hannuna ya san haƙarƙari ko a duhu,
ya san inda jijiya take ɓuya a cinya.
Ƙudan kasuwa ma sun san Jatau.

Wata Talata aka kawo saniya, fara, mai ƙaho guda.
Na yi bisimilla, na yanka.
Da muka farke tumbi sai ga leda:
baƙa, fara, ta burodi, ta ruwan sha,
a murɗe kamar gammo, ta kusa cika kwano uku.
Can gefe kuma ɗan maraƙi,
kofatonsa ko ƙwari bai yi ba.
Yarona Sallau ya kau da kai.
Ni ban kau ba. Na kasa, na sayar, na ƙirga kuɗi.
Da dare tuwo ya tsaya mini a wuya.

Tun ran nan idona ya koyi bin ruwa.
Wanda muka wanke jini da shi
na bi shi da ƙafa, lambatu bayan lambatu,
har ya faɗa Kubanni,
inda na koyi iyo ina ɗan bakwai,
inda yanzu jikana ke toshe hanci.

A Shika wata likita, sa'ar autata,
ta ɗaure mini dantse, ta dubi allura, ta yi shiru.
"Baba, me kake ci?"
Na ce abin da nake sayarwa.
Kitse da safe, tsire da dare, romo tsakani.
Ta ce, "Zuciyarka jaki ce, amma ka yi mata lodin raƙumi."

Uwani ba ta yi mini wa'azi ba.
Tsaki ta jiƙa, ta tsinke rama da yakuwa,
ta daka gyaɗa, ta jefa daddawa biyu.
Gobe ɗanwake. Jibi kwaɗon zogale da ƙuli.
Mako uku ina ci ina ƙunƙuni.
A na huɗu gwiwata ta yarda na yi sujada
ba tare da na dafa bango ba.

Abokan fawa suna ta dariya:
"Bazazzage ya koma ga fatensa!"
To, na koma. A ƙaro mini ludayi.

Kada wani ya ɗora mini abin da ban faɗa ba.
Ban haramta abin da Allah Ya halatta ba,
layya kuma tsakanina da Shi.
Cewa na yi cikina ya isa maƙabarta haka nan.

Wuƙar tana nan, ina wasa ta duk Juma'a.
Jiya na tsaga kabewa da ita a tsakar gida.
Akuyar maƙwabta ta matso tana cin ɓawo
dab da ƙafata,
ko ɗaga kai ba ta yi ba.