Daɓen Motar Kwana-kwana

Kakata Tasalla da makuba ta yi daɓe,
ita da mata bakwai, gwiwa a ƙasa, madaɓi a hannu,
suna duka har tsakar ɗaki ta yi sheƙi kamar goshin jariri.
Ni jikanta, tawa makubar a durom take zuwa,
da rubutun da ba duka nake iya karantawa ba.

Ran Litinin muka shiga tashar da ke hanyar Bukuru.
Aka fitar da jajayen motocin nan uku,
suka jeru cikin yayyafi kamar shanun da aka kwance daga turke.
Sai ga tsohon siminti tsirara:
baƙin mai ya ci shi har ɓargo,
taya ta yi masa kwari biyu,
tsaga ta taso daga bakin ƙofa ta nufi magudana
kamar wadda aka aika.

Saje Davou ya nuna min wani wuri da tsinin takalminsa.
"Nan Kofur Sallau ya zame, shekara tara ke nan.
Ƙararrawa ta kaɗa, ya taho a guje, mai ya kwashe shi.
Yanzu katin waya yake sayarwa a Taminus, da sanda."
Bai ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Kwana biyu injin gurza yana kuka.
Danshi ne abokin gabarmu,
a Jos kuwa, watan Agusta, ko bango gumi yake yi.
Na manna leda a ƙasa, na bar ta ta kwana.
Da safe na ɗaga, babu raɓa.
Bismillah.

Ƙaro a wannan bokiti, mahaɗinsa a wancan.
Kowanne shi kaɗai sai ya shekara bai daskare ba;
ka gauraya su, minti talatin gare ka,
ba gaisuwa, ba waya, ba kurɓar shayi.
Yarona Nanpon yana zuba, ina bazawa,
sannan wankakken yashi, mu watsa shi sama
yadda ake shukar acca,
don ƙafa ta sami abin kamawa
ranar da ruwa da kumfa suka malale wurin.

Na ja igiya a ƙofa.
Na ce kwana uku, ko kyanwa kada ta taka.

Daren farko, biyu saura kwata, ƙararrawa.
Ina kwance kan kwali a baranda.
Shagon katifu, aka ce, can Dilimi.
Wani sabon ɗauka, ko gemu bai tsiro masa ba,
ya manta hularsa rataye a bangon ciki.
Ya dubi igiyata,
ya dubi motar da aka riga aka tayar,
ya tsallaka.
Taku biyar shiga, taku biyar fita.

Na buɗe baki zan ɗura ashar.
Jiniya ta riga ni.

Da asuba suka dawo baƙi ƙirin, suna warin ƙonanniyar roba.
Ya zo ya durƙusa zai ba ni haƙuri,
na ga fatar tafin hannunsa ta saɓule.
Na ce tashi, je ka a sa maka magani.

Sawu goma. Duka na gurje,
don komai ƙanƙantar rami, mai zai same shi.
Na sake zubi, na yi shafin ƙarshe,
na ja rawayen layi inda taya za ta bi.

Tasalla takan ce daɓe mai kyau
shi ne wanda ake takawa ba a duba ƙasa.
Yau mota da tankinta fal take hawa ta sauka,
a wanke da tiyo, a yi gudu a kai,
ba wanda ke sunkuyawa.

Ni dai in na wuce a keke sai na leƙa.
Taku uku daga ginshiƙi na biyu,
ƙarƙashin wannan ruwan tokar mai sheƙi,
nan ƙafarsa ta hagu ta fi nutsewa.