Tagar da Na Saya

Shekara talatin ina jan motar ma'adinai a Calama,
gilashina ya sha ƙurar tagulla,
iyakar ganina ƙeyar motar da ke gabana.
Ranar da aka ƙirga min kuɗin sallama
na ce wa Griselda, nisa zan saya.
Ta ce nisa ba ya hawa sikeli.
Na ce to, taga.

Dillaliya Yasna ta kai mu Toconao ranar Talata,
tsinin takalminta yana nutsewa cikin yashi.
Gidan farin dutse, ɗaki biyu da rabi,
ƙofa mai kuka in an tura.
Ba ta bari mun ɗaga kai mun dubi rufi ba,
ta ja mu ƙurya, ta yaye labule.

Sai ga Láscar, dutse mai aman wuta,
yana fitar da hayaƙinsa sannu-sannu
kamar tsohon da ya gama biyan bashi.
Can gefe filin gishiri kwance, fari fat,
har inda ido zai gaji ya dawo.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ban taya ba.
Griselda ta take min ƙafa, ban taya ba.

Mai gidan, tsohuwa Eduvigis,
tana zaune a tsakar gida tana shanya ɓaure.
Shekara sittin da ɗaya a ɗakin nan, in ji ta.
Na ce kin sha kallo.
Ta ce wace tagar? Waccan?
Sanyi ne ke shigowa ta can,
da buhu nake toshe ta.
Sannan ta dube ni ta ƙasan hula:
Ka tambayi ruwa?

Ban tambaya ba.
Ashe rabon ruwan gidan ya bi gonar jikanta,
takardata ta ce bango, ta ce rufi, ta ce fili,
ba ta ce komai a kan kwata ba.
Cinikin biri a sama, in ji Griselda,
ta faɗa sau ɗaya, ta ci gaba da jera kofuna.

Watan farko na kalli dutse safe da yamma.
Yakan yi ja, yakan yi shunayya,
da dare taurari su sauko har kafaɗarsa.
Bai taɓa cika min buta ba.
Itacen ɓauren ya soma zubar da ganye,
ina bin sa da ruwan wanke-wanke a kwano
kamar mai ba da haƙuri.

Da ranar yasar kwata ta zo, gari ya fito gayya.
Ba wanda ya kira ni. Na ari shebur na bi sahu.
Laka har gwiwa, tafin hannu ya yi kanta ya fashe,
matan suka miƙo min masara dafaffiya ba tare da tambayar sunana ba.
Da yamma Wenceslao, mai rabon ruwa,
ya lashi bakin fensir, ya buɗe littafinsa mai maiƙo:
Nibaldo, baƙo, minti ashirin,
daren Alhamis, ƙarfe uku.

Ƙarfe uku nake tsaye yanzu, tocila a baki,
sanyi yana cizon kunne.
Ina jin sa tun kafin ya iso,
yana turo busasshen ganye a gabansa,
yana lalube kamar makaho a sabon gida.
Na ɗage allon, ya shigo.
Minti ashirin ban waiga ba,
dutsen da na biya yana bayana.

Ƙanena ya zo hutu, ya ɗauki hoto arba'in,
ya ce yaya, ka sayi aljanna da araha.
Na ce ka ga ɓauren? Ya fitar da toho bakwai.
Bai duba ba.

Jiya Griselda ta tsinci buhun tsohuwar a bayan murhu.
Ta kakkaɓe shi, ta ninke,
ta ajiye kusa da tagar.
Yuli na tafe.