Danƙo a Bayan Ɓera

Kwana tara ana ruwa a Recife.
Bango ya yi gumi, gishiri ya ƙi fita daga kwalba,
takalman ƙarƙashin gado sun yi furfura.
A irin wannan damina ɓeran kwamfutar Baba
ya fara kama hannu.

Ba ya cizo, riƙo yake yi.
Robar da aka lulluɓe bayansa da ita tun daga kamfani,
mai laushi a da kamar kunnen ɗan maraƙi,
ta narke a inda take, ta koma danƙo.
Ƙura ta samu gida, gashin kyanwa ya samu gida,
har da ƙwayar sukari biyu
daga gahawar wata safiya da babu mai tunawa.

Na ce, Baba, sabo bai kai kuɗin kifin yini ɗaya ba.
Ya ce, Jussara, sabon bai san hannuna ba.
Shekara goma sha ɗaya suna tare,
su biyu suka riƙe lissafin masuntan Pina:
wa ya ci bashin ƙanƙara, wa ya biya kuɗin mai,
jirgin wa ya dawo da kunya.

Jiya na gwada sabulu da ruwa.
Ya sha abinsa, ya ƙara mannewa.
Zuleide maƙwabciya ta leƙo ta taga da lemarta,
ta ce hodar jarirai ce maganinsa.
Na barbaɗa, ya fito fari fat
kamar kifi a cikin gari kafin suya.
Gari na wayewa ya koma gidan jiya.

Yau sai sifirit daga kantin maganin kan kwana.
Na zare waya, na shimfiɗa tsohuwar jarida,
na yaga singiletin Baba gida huɗu.
Ba a tsiyaya masa, a tsumma ake ɗigawa.
A goga, a jira kaɗan, a sake gogawa.
Baƙi na fita kamar ana wanke gindin tukunya,
yana murɗewa ƙanana-ƙanana
irin dattin wuya bayan doguwar tafiya.
Tsohon katin banki yana kankare gefe,
tsinken sakace yana bin tsagar maɓalli,
ni kuwa ina kaffa-kaffa
kada ɗigo ɗaya ya zurara ta ramin 'yar tayar nan.

Baba na kan kujera,
hannun damansa a gwiwa yana rawarsa ta kullum
wadda likita ya raɗa wa dogon suna.
Ya ce, kada ki taɓa gefen hagu.
A nan robar ta lotsa,
ta yi gurbi daidai babban yatsansa,
kuma a nan danƙon ya fi kauri.
Na dube shi. Yana kallon ruwan sama.
Na goge.

Minti arba'in.
Yatsuna sun bushe sun yi fari,
ɗakin yana warin asibiti.
Abin da ya rage ƙoƙon filastik ne, baƙi, sumul,
yana sheƙi kamar bayan buzuzu.
Sunan kamfanin ma ya bi tsumma.

Na jona waya, ɗan jan haske ya kama a cikinsa.
Baba ya ɗora hannu, ya ja hagu, ya ja dama,
kibiya ta bi shi ba musu.
Ya ce, santsi gare shi. Kin yi masa aski ƙwal.
Na ce, in mayar masa da danƙonsa?
Ga shi can a jarida, ban zubar ba.

Bai tanka ba. Ya buɗe wasan kartarsa.
Ina tsaye a bayansa da tsumma a hannu
ina kallon babban yatsan
yana lalube a gefen hagu, yana neman mazauninsa.
Bai samu ba.
Ya zauna inda ya samu.

A waje ruwa na shirin kwana na goma.
Jar bakwai ta hau kan baƙar takwas,
ƙyas.
Ya ce, ki ɗora mana gahawa,
kuma wannan karon ki ajiye sukarin nesa da tebur.