Tara

Ni ke zama a teburin gefe,
tsakanin mai agogo da mai allon maki,
biro biyu, ruwan leda ɗaya,
da takarda mai gidaje kamar dara.
Jama'a sun zo Ƙofar Mata kallon wasa,
ni ƙirga na zo yi.

Mahaifina mai awo ne a Dawanau.
Shekara talatin yana shafe bakin tiya da tafin hannu,
yana cewa tiya ba ta ƙarya,
sai dai yatsan mai awo.
Ni ma awon na gada,
illa dai nawa hatsin tsalle yake yi.

Lamba huɗu, Nazifi ɗan Fagge:
jifa goma sha bakwai, shida suka faɗa kwando.
Duk wadda ta shiga, rufin kwano sai ya amsa,
sha ɗayan da suka zube kuwa
ba mai tunawa sai ni da takarda.
Lamba takwas, Obinna na Sabon Gari,
ƙwace uku, laifi huɗu.
Saura ɗaya alƙali ya nuna masa benci,
sai ya koma tsaro a ladabce
kamar mai gaida surukai.
Jifan kyauta, ƙungiya gaba ɗaya:
ashirin aka ba mu, takwas muka mayar.
Takwas ɗin nan za su bi koci har gida,
su kwana a ƙarƙashin filonsa.

Sai lamba sha biyar, Mujittafa.
Dogo, ba ya magana, gwiwar hagu a naɗe.
Maki biyu kacal,
amma ba don maki aka ɗauko shi ba.
Aikinsa gindin allo:
ƙwallo ta doki ƙarfe ta dawo, ya cafke.
Kowa ya ji, har mai gyaɗar bakin ƙofa,
cafka goma a daren nan,
ko kwantiragi ya zama tarihi.

Zango na huɗu, saura daƙiƙa shida.
Mu saba'in da ɗaya, baƙi saba'in.
Gidansa a takardata: tara.
Jifansu ya doki baki, ya yi sama,
ya tsaya can kamar yana shawara.
Ƙartin baƙi biyu suka taso.
Mujittafa bai yi tsalle ba.
Ya buɗe hannuwa, ya kafa ƙafa,
ya tare su da gadon baya
kamar ganuwa ta tare ruwa,
ƙwallo ta faɗo salin-alin
a hannun Nazifi.

Usur. Ihu. Ganga.
Aka ɗaga Nazifi sama,
takalminsa ɗaya ya ɓace a cikin jama'a.

Na duba gidajena ɗaya bayan ɗaya.
Akwai na maki, akwai na laifi,
na miƙawa, na ƙwace, na ɓarar da ƙwallo.
Ba gidan wanda ya tsaya
don wani ya samu.

Da fili ya watse ya zo,
gumi na ɗiga a kan tebur.
Ya karanta takardar a juye.
Nawa? ya ce.
Tara, na ce.
Ya gyaɗa kai, ya roƙi ragowar ruwana.
Bai roƙi komai ba bayan wannan,
shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ɗigon biro ɗaya ne tsakaninsa da goma.
Nazifi ba zai ma san an rage masa ba.
Yatsana ya yi nauyi,
na ji tafin tsoho yana shafe bakin tiya.

Amma shi tsoho, in ya gama awo,
yakan damƙi gyara ya zuba wa mai saye.
To ni ina zan zuba?

Na bar tara a gidanta.
Na juya bayan takarda na rubuta:
saura daƙiƙa shida,
lamba sha biyar ya riƙe mutum biyu.
Na sa hannu, na miƙa.

Janareta ya yi tari, fitilu suka mutu.
Ban sani ba
ko koci na juya takarda.