A'ar Tumba

Bayan isha'i, shagon Modi, Mabera.
Janareto na tari, fanka na tuƙa zafi kamar tuwo.
Ɗari biyar awa guda.
Na karɓi linzamin roba,
hannuna bai bar warin fata da bagaruwa ba.

Wata uku muna tafe da ita cikin gilashi,
maharbiyar nan mai tabo a gira.
Sunanta ya yi mini nauyi a baki, na sa mata Tumba.
Ni ke gaba, ita ke baya.
In na ce tsaya, ta tsaya.
In na ce ɗauka, ta ɗauka, ko dutsen niƙa ne.

Daren nan munka iso gada.
Mayaƙa a bayanmu, ƙauye a hayin ruwa.
Layi uku sunka fito ƙasan allo:
a ƙone gadar,
a tsaya a gwabza,
ko in yi shiru.
Na danna na fari, don barci nike ji.

Ta dube ni. Na rantse ta dube ni.
"Akwai masu awaki da ba su ƙetaro ba.
In ƙonawa za ka yi, ga hannunka nan."
Ta tsoma itacen wutar cikin gulbi.

Yaran da ke bayana sunka fashe da dariya.
Modi ya ce, "Baba, koma baya, ai ka ajiye wasan.
Ba ta zoben nan, yabi ubanta,
zaɓi magana mai laushi sau uku,
har rumbun gidansu sai ta ƙona maka."

Na koma.
Na ba da zobe, na yabi uban da ban sani ba.
Ta ce, "To."
Gada ta ci, awaki sunka yi kuka a hayi.
Ban taɓa jin "to" mai lami irin wanga ba,
kamar fura da an ka dama da ruwan randa.

Sai Arzika ya faɗo mini.
Shekara shida yana yanka mini jar fata,
yana zare, yana rini, bai taɓa ɗaga ido ba.
Ran Laraba ya aje wuƙa bisa allon yanka,
ya ce zai koyi haɗa sola wajen wani a Gawon Nama.
Ni ma layi uku gare ni a maƙoshi:
"Bayan duk abin da na yi maka?"
"Allah ya sa albarka."
Ko in yi shiru.
Na danna na fari.
Can babu ajiya, babu komawa baya.

Modi ya ce, "Kada ta ruɗe ka.
A'ar ma wani ya rubuta mata,
yana shan shayi, ana biyansa wata-wata."
Na sani.
Amma wanda ya rubuta ya san abin da na manta:
abokin tafiyar da ba ya iya juya maka baya
jaka ce kawai, mai ƙafafu.
Jaka kuwa, ni ke ɗinka su.

Na nemo tsohuwar ajiya,
inda itacen ke hayaƙi cikin ruwa
kuma ba ta sona.
Na kai yatsa kan layi na uku.
Mai ya ƙare. Allo ya mutu.
Ban san me ta yi da shiruna ba.

Na biyo ta lungunsu Arzika, ba hanyata ba ce.
Unguwa duk duhu,
ƙwai ɗaya tak ke ci bisa ƙofarsu,
fari tas, wayarsa a karkace,
ɗaurin irin na mai koyo.

Na tsaya. Na duba ƙasa wajen takalmana,
babu layi ko ɗaya da ya fito.

Na yi sallama.
Na jira.