Hatimi

Ofishina na hawa na huɗu, a Sofiya.
Ba bindiga a teburina, ko ta wasa.
Biro ne, da hatimi, da gahawar da ta huce,
da fayil-fayil ɗaure da jan zare.

Doka ta ce kafin kaya su ƙetare iyaka
a san mai saye, a san inda za su kwana,
ya rantse a takarda ba zai miƙa wa wani ba.
Ni ce mai karanta rantsuwar.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
har ina ganin na san warin ta ƙarya.

A Kazanlak aka yanke cibiyata.
Uwata kan tsinki furen wardi tun raɓa ba ta bushe ba,
ta dawo da ƙaya a yatsu.
Ubana kan dawo daga masana'anta da baƙin mai a farce.
Hannu biyu cikin kwano ɗaya,
wannan turare, wancan ƙarfe.
Su suka biya mini makaranta,
ban taɓa tambayar wanne ya fi kawowa ba.

Ran Talata hoto ya iso.
Wani mai bincike ya ɗauko shi a wata ƙasa
wadda sunanta bai taɓa shiga takardunmu ba:
kwanson harsashi a tafin hannun yaro,
bayansa bangon kasuwa ya zama rariya.
Na sa tabarau, na karanta lambar gindin.
Na sauka ɗakin ajiya.
Ga ta, shekara huɗu baya, shafi na tara,
akwati dubu biyu, wai don horar da 'yan sanda.
A ƙasa sunana,
da lanƙwasar nan da malamata ta sha yabawa.

Yau mai sayen ya dawo.
Sabon kamfani, sabon adireshi,
amma hatiminsa ya karkata hagu, kamar wancan.
Maciji ya yi saɓa, ya bar dafi inda yake.

Karagyozov, shugabana, ya jingina da ƙofa.
"Takardu sun cika, Rumyana.
Shafi aka ce ki karanta, ba zuciya ba.
In ba mu sayar ba, maƙwabta sun sayar kafin Juma'a."
Gaskiya ya faɗa.
Abin haushin ke nan.

Da dare Boyan ya kira, ƙanena.
Inji ya cinye masa kunne ɗaya, sai ya ɗaga murya:
"An ce in odar nan ta faɗi, a rufe aikin dare.
Mu ɗari uku ne. Elitsa za ta jami'a bana.
Kin ji wani abu?"
Na ce ban ji ba.
Na tambaye shi ko an yi ruwa a can.

Gurbi uku fom ɗin ya ba ni:
an yarda, an ƙi, a ƙaro bayani.
Na ƙi, kwamiti zai juya shi a zama ɗaya.
Na yarda, na riga na ga inda yake kwana.
Na ja layi a na uku,
na liƙa hoton yaron a shafin farko
inda mai buɗewa ba zai iya tsallake shi ba,
na nemi a je a ƙirga tsofaffin akwatunan da ido.

Kwana talatin na saya.
Ba jarumta ba ce, jinkiri ne mai lamba da kwanan wata.
Iyakar tsawon hannuna ke nan.

Asabar zan hau motar Kazanlak.
Uwata ta dafa furen bana da sukari, ta cika kwalabe.
Boyan zai zauna gabana, ya juyo mini kunnensa mai ji.
Tawadar hatimi ba ta fita da wanki ɗaya,
kuma kwano ɗaya za mu sa hannu.